Idan Yaro Ya Faɗi Haƙori Ya Fita, Ga Yadda Za Ki Kai Shi Wurin Likita Ba Da Kokawa Ba

Ni malamar firamare ce a Aboabo, nan Kumasi, kuma yaran da suka fasa baki a filin ƙwallo a hannuna suke fara faɗawa. Abin da nake gani kullum shi ne, salatin manya ya fi jinin firgita yaro. Don haka 'yar'uwa, ki fara riƙe kanki. Ki durƙusa daidai tsayinsa, ki ninke tsumma mai tsabta ya ciza a wurin, ki ce masa, "Sannu, ina nan, jinin zai tsaya." Faɗan "wa ya aike ka" ki ajiye shi sai gobe.

Sannan a nemo haƙorin. Idan na yarinta ne, kada a mayar da shi, zai iya ɓata wanda ke tahowa a ƙarƙashi. Idan kuwa na girma ne (na gaba suna fitowa tsakanin shekara 6 zuwa 8), a kama shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare. A ɗauraye shi da madara, a mayar cikin gurbinsa, yaron ya ciji tsumma. In ya ƙi yarda, kada a danne shi. A jefa haƙorin cikin madara mai sanyi, ko yawun yaron a ɗan kofi, ban da ruwa, ban da naɗewa a takarda. A tari mota zuwa asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, ko wani likitan haƙori na kusa, kafin awa ɗaya ta cika. Yaron da ya suma ko yake amai, sashen gaggawa za a fara kai shi.

A cikin mota ake gyara ko a ɓata. Kada ki ce masa ba zai ji komai ba, domin da zarar ya ji zafi ya daina yarda da ke da likitan gaba ɗaya. Ki faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa: akwai kujera mai kwantawa, akwai fitila, za a sa magani wurin ya yi barci. Ku shirya alama, in ya ɗaga hannu a dakata, ki sanar da likita tun a ƙofa. Ki roƙa a nuna masa ɗan madubin a hannunsa kafin a sa a baki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gidajen da ake tsorata yara da allura in sun yi rashin ji. Irin waɗannan yaran ne ke ƙanƙame ƙafar uwa a bakin ƙofa.

A gida, koko da abinci mai laushi na mako 2, ban da rake da ƙuli-ƙuli. Farasitamol daidai shekarunsa, ban da asfirin. Ku koma ranar da aka ba ku ko da ciwo ya lafa, kuma in haƙorin ya fara baƙi ko dasashi ya kumbura, kada ku jira ranar.