Gyaran amfilifaya mai kwalba ta tsohon akwatin faifai

Duk akwatin faifai mai cin kwabo na Wurlitzer, Seeburg, Rock-Ola ko AMI da ya kwana shekaru a ɗakin ajiya a Garwa ko Njamena, kada a jona shi da wuta don a ji ko yana aiki. Nan ne ake ƙona taransifoma, kuma ita ce abin da ba a samu a kasuwa.

Fara da karanta farantin da ke bayansa. Na Amurka an ƙera su don wuta 115 zuwa 117 volt da 60 Hz (saurin bugun wuta), namu kuwa a Kamaru da Chadi 220 ne da 50 Hz. Dole a sa taransifomar rage wuta mai ƙarfi. Ita ba ta gyara Hz ba, shi ya sa faifai mai juyi 45 yake komawa kusan 37 da rabi, murya ta yi nauyi. Wannan laifin injin da ke juya faifai ne, a bar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti.

Kafin hannu ya shiga ciki, a sauke cajin manyan kondansa, wato ma'ajiyar wuta. Suna riƙe volt 350 zuwa 450 ko an cire filogi. A haɗa razista (mai rage gudun wuta) ta ohm dubu 47 mai wat 5 tsakanin ƙafar kondansa da jikin ƙarfen amfilifaya, a auna da mita har ya sauka ƙasa da volt 10. Taɓa su da sukudireba yana tartsatsi, yana kuma lalata su.

Masu gyara sukan fara zargin kwalba, wato bututun gilashi mai sarrafa wuta da sauti, alhali sau da yawa lafiyarta lau. Kondansa ne ke mutuwa. Manyan na tace wuta suna bushewa, zafin Maris da Afrilu na ƙara musu tsufa, alamarsu gurnani mai kauri da ba ya raguwa ko an rage murya. A canza su da masu mikrofarad ɗaya da na asali, volt ɗinsu daidai ko sama, a kula da ƙafar da ke da alamar ragi. Na farkon da ke bayan kwalbar 5U4 kada ya wuce mikrofarad 40, ƙari yana kashe ta. Ƙananan na takarda da kakin zuma kuwa a cire su duka ba tare da gwaji ba. Wanda ke gaban kwalbar 6L6 ko 6973, idan ya fara yoyo, yana tura wuta zuwa girid, wato ragar waya da ke cikin kwalbar, farantin kwalbar ya yi ja kamar garwashi, daga nan sai taransifomar lasifika ta ƙone. Sababbi na filastik masu volt 630 sun isa. Ɗaya bayan ɗaya ake cirewa ana liƙa sabo da dalma, don kada a ɓata hanya.

Tsofaffin razista ƙimarsu hawa take yi. Wadda ta kauce fiye da kashi 20 cikin ɗari a sauya ta. Ƙurar hunturu a soket ɗin kwalba tana kawo ƙaraf-ƙaraf, burushi da feshin wanke mahaɗa sun wadatar.

Ranar kunnawa, a jera kwan fitila mai zare na wat 100 a layin wuta, yadda sai wuta ta ratsa shi kafin ta kai akwatin. Na LED ba ya wannan aiki. In kwan mai zare ya haska ya dushe, to madalla. In ya tsaya da haske, akwai gajeriyar hanya, wato wuta ta haɗe, a kashe nan take. Lasifika kuma ta kasance a jone koyaushe. A na shekarun 1940, irin Wurlitzer 1015 ta 1946, lasifikar tana da naɗin waya maimakon maganaɗisu, kuma wutar amfilifaya ce ke ciyar da shi, don haka ba a musanya ta da ta zamani kai tsaye.

Idan komai ya auna daidai amma shiru, a duba makullin da ke yanke murya lokacin canza faifai. Yakan maƙale saboda datti, a goge bakinsa da farar takarda.