Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Rubuta Labarin Yaron da Ya Shiga Wata Duniya

Kuskuren da na fi cin karo da shi a rubuce-rubucen matasanmu na zangon Kumasi shi ne aro. Marubucin da ya tashi a Aboabo ko Asawase sai ya jefa yaronsa cikin dusar ƙanƙara da fadar duwatsu irin ta Ingila, alhali bai taɓa ganinsu ba sai a talabijin. Gyaran shi ne a buɗe ƙofar waccan duniyar daga inda mai karatu ya sani: wani lungu a kasuwar Kejetia da yaron ya bi an aike shi sayen goro, ko bakin tafkin Bosomtwe da asuba lokacin hunturu. Idan mai karatu ya ji ƙamshin koko da ƙosai a shafin farko, zai yarda da aljanin da ke shafi na goma.

Na biyu, kuma shi ya fi damuna, shi ne barin duniyar babu doka. Tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana ba su yi wannan sakaci ba, domin Dodo yana da abin da yake tsoro, Gizo kuma wayonsa yakan juyo kansa. Marubuci ya zauna tun kafin ya fara, ya yanke wa yake iya tsallakawa, me ake biya kafin a wuce, kuma kwana ɗaya a can kwana nawa ne a nan. Idan yaron ya yi shekara a can, to mahaifiyarsa tana ina, kuma me malaminsa na makarantar allo ya ce da bai gan shi ba? Wanda ya karya dokarsa a babi na 7 domin ya kuɓutar da jaruminsa ya rasa amincewar mai karatu.

Akwai kuma tafiya marar dalili. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, an san abin da ya fitar da Alhaji Imam daga gida: ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Yaronka ma ya kasance yana neman abu guda da za a iya ambata.

Sannan a daina bari wani tsoho mai sanda ya warware kowace matsala. Ya nuna hanya kawai, yaron ya yi kuskurensa, ya dawo gida da tabon da 'yar uwarsa za ta tambaye shi a kansa.