Yadda sabon zuwa zai buɗe asusun banki a Ingila

Ɗalibai sun yi ta yi mini wannan tambaya, to ga matakan:

1. Samu masauki mai adireshi.
2. Sayi layin wayar Ingila.
3. Karɓi takardar gabatarwa zuwa banki daga jami'arku.

Hattara: sunanka ya zo daidai da na fasfo, harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, sai a ce ka dawo.

4. Zaɓi banki. Na cikin waya irin Monzo sun fi sauri, ni da su zan fara.
5. Ɗora hoton fasfo da shaidar biza a manhajar bankin da ke wayarka.
6. Ɗauki bidiyon fuskarka a wuri mai haske.
7. Jira katin banki ta gidan waya.

Kada ka ara wa kowa asusun don ya karɓi kuɗi, ko ɗan garinku ne. Rufewa za a yi.