Yadda ake gane matakin girman ƙashin yaro kafin a sa masa wayar gyaran haƙori

Shekarun da ke takardar haihuwa ba su isa ba. A Katsina sai a kawo maka yara biyu 'yan shekara 12, ɗaya ya fara miƙewa, ɗayan ko alama babu. Ƙashin wuya ne zai raba gardama.

Da farko a ɗauki hoton X-ray na kai ta gefe, yaro a tsaye, haƙora a haɗe. Ka gaya wa mai ɗaukar hoton kada abin kare maƙogwaro ya rufe ƙasusuwan wuya, in ba haka ba aikin banza ne.

Sai ka nemo ƙashin wuya na 2, na 3 da na 4 a hoton, kana ƙirgawa daga sama. Duba gindin kowanne. In duka a shafe suke, mataki na 1 ke nan, da sauran lokaci. In na 2 kaɗai ya lotsa kamar bakin cokali, mataki na 2. Lotsawar ta kai ƙashi na 3? Mataki na 3 ke nan. To nan ake so: tsakanin mataki na 3 da na 4 muƙamuƙin ƙasa ya fi saurin girma, lokacin da na'urar turo shi gaba ta fi cin nasara.

Daga nan ka duba siffar ƙashi na 3 da na 4. Duka ukun sun lotsa, faɗi ya fi tsayi: mataki na 4. Murabba'i, na 5. Tsayi ya fi faɗi, na 6, girma ya kusa tsayawa.

Kar ka dogara da hoto kaɗai. Tambayi uwar ko yarinyar ta fara al'ada, ko muryar yaron ta buɗe, sannan ka rubuta matakin da kwanan wata a katinsa.