Yadda na toshe hasken da ke ɓata min hotuna a Crown Graphic

Kyamarata Crown Graphic ce, irin wadda kamfanin Graflex ya fara ƙerawa a Amurka a 1947, mai ɗaukar fim inci 4 da 5. Na zaɓe ta ne don a hannu nake riƙe ta, ba sai na yi ta jan sandar kafawa ba. Sai ga shi duk hoton da na ɗauka cikin rana, idan na wanke, farin tabo yana kwance a kusurwa ɗaya. Fim shida na yi asara, ga fim da tsada.

Da farko gidan fim na zarga, wato ɗan akwatin da ake saka fim ciki a zura a bayan kyamara. Na canza wani, tabon yana nan daram.

Da daddare na kashe fitila, na cire gilashin baya, na miƙe zugazugin kyamarar (ɓangaren nan mai naɗewa da ke tsakanin gilashin gaba da fim) iya tsawonsa, na zura tocila ciki. Na jira minti biyar idona ya saba da duhu. Sai ga ɗigo uku na haske a kan lanƙwasa, ƙanana kamar bakin allura. A naɗe ba sa nunawa sam, shi ya sa na daɗe ban gane ba.

Na gauraya baƙin fentin akirilik da farin gam na kafinta, na shafa ta ciki da siririn buroshi, shafi biyu marasa kauri. Kada a cika shi, domin idan ya yi kauri zai tsage wurin naɗewa. Na bar zugazugin a miƙe kwana biyu, don da na naɗe shi da danshi, da ya manne.

Ranar Asabar na ɗauki fim biyu da tsakar rana, duka suka fito tsaf.