Yadda na ciyar da Hajiya bayan zazzaɓi ya sauka, gajiya ta ƙi tafiya

Hunturun bara Hajiyarmu ta yi mura mai zafi da zazzaɓi a gidanmu na Ƙofar Ƙaura. Zazzaɓin ya sauka cikin mako ɗaya, amma kasala ta zauna mata kusan wata biyu. Daga ɗaki zuwa wurin alwala sai ta tsaya ta huta, baki ba ɗanɗano, ko miyar kuka da take so sai ta ture.

Idan kina jinyar irin wannan, ki fara da gwajin jini kafin ki taka kemis. 'Yan dubiya za su yi ta cewa a sayo maganin ƙarin jini, to a bari a auna tukuna, a duba maleriya da suga. Na Hajiya ya nuna jinin ya yi ƙasa, sannan likita ya rubuta mata ƙwayar ayon, wato sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Tana sa bayan gida ya yi baƙi, kada ki tsorata. Kada a sha ta da shayi, domin shayi yana hana jiki ɗaukar ayon. Ki bari awa biyu ta wuce bayan shan shayi, ki haɗa ta da lemo ko gwaiba.

Abinci kuwa, na daina kai mata malmala guda. Kaɗan-kaɗan nake ba ta, sau biyar ko shida a yini. Da safe kunun gyaɗa da dafaffen ƙwai, da hantsi fura da nono wanda aka tafasa madararsa, da rana faten wake da zogale, hanta sau ɗaya a mako. Mara lafiya ya fi buƙatar abin da ke gina tsoka, ba tuwo zalla ba. Da na lura tsami kaɗai harshenta ke ji, sai na riƙa matsa lemon tsami a kan kusan komai, har ta fara cewa, "Ƙaro mini, 'yar nan."

Bitamin da zinki ba a tara su barkatai. Zinki fiye da miligiram 40 a rana, in aka daɗe ana sha, yana rage wa jiki sinadarin kofa (copper), wani sinadarin da jiki ke buƙata. Ki duba lambar NAFDAC a kwalin, ki kuma nuna wa likita duk abin da ake sha, har da na gargajiya.

Ranar da ta ji ƙarfi, kada ki bar ta ta share tsakar gida duka, washegari za ta kwanta. In numfashi ya yi wuya ko ƙirji na ciwo, a tafi asibiti a ranar. Tarin da ya wuce mako biyu kuma, a gwada shi ko tarin fuka ne.