Yadda ake sauya lasisin tuƙi da yin inshorar mota a Birtaniya

Wanda ya koma Birtaniya da zama yana iya tuƙa ƙaramar mota da lasisin ƙasarsa na tsawon wata 12 daga ranar da ya zama mazaunin ƙasar. Hukumar DVLA mai ba da lasisin tuƙi, wadda ke birnin Swansea, tana musanya lasisin wasu ƙasashe ba tare da jarrabawa ba, kamar Kanada, Japan, Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, amma Najeriya, Nijar da Gana ba sa cikinsu. Saboda haka mai lasisin Najeriya sai ya nemi lasisin ɗan koyo, ya ci jarrabawar dokokin hanya a kwamfuta, sannan ya ci ta tuƙi a kan titi. Ya kamata a fara wannan tun watannin farko, domin samun ranar jarrabawa kan ɗauki lokaci, kuma idan wa'adin ya cika ba a ci ba, ba dama mutum ya tuƙa mota shi kaɗai.

Inshora kuwa dole ce, aƙalla wadda za ta biya diyyar ɓarnar da direba ya yi wa wasu. Wanda aka kama ba shi da ita za a iya cin sa tarar fam 300, a rubuta masa maki 6 na laifi a kan lasisinsa, a kuma ƙwace motar. Kafin tafiya Birtaniya, a karɓi takarda daga tsohon kamfanin inshora mai nuna shekarun da aka yi ba a nemi diyya ba, domin wasu kamfanonin suna rage farashi da ita, ko da yake ba duka ke karɓar ta ƙasar waje ba.